Takobin da Ba Ya Yanka: Tsokaci a Kan Kwaikwayo da Gaskiya

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da wani dattijo mai gadi ya taɓa yi wa wani ɗalibi a gabanmu, wadda har yau ba ta bar zukatanmu ba, kuma ita ce musabbabin wannan 'yar maƙala. Ɗalibin ya shafe kusan mako shida yana fama da wani aiki a barandar ɗakin kwanansa, kullum bayan an tashi daga lacca: ya yanka, ya manna, ya goge, ya ɓata, ya sake. Ranar da ya gama, ya fito da abin ya jingina shi da bango don fenti ya sha iska, sai ga wani gabjejen takobi wanda tsawonsa ya kusa kamo na mai shi, faɗinsa ya kai na allon karatu, yana ta ƙyalli a hasken la'asar, ga giɓi nan da can a bakinsa kamar wanda ya ga yaƙe-yaƙe. Dattijon ya zo ya tsaya, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya sa yatsa ya latsa bakin takobin, ya ga ya lotsa kamar burodi. Sai ya ce, "Yaro, wannan me za a yanka da shi?" Ɗalibin ya ce, "Baba, ai ba na yanka ba ne." Dattijo ya ce, "To, na mene ne?" Ɗalibin ya yi dariya, mu ma muka taya shi, amma babu ɗayanmu da ya ba tsohon amsa.

Ba za mu ce tambayar dattijon ta rashin sani ba ce. Duk wanda ya tashi a inda ake ɗaukar takobi a matsayin makami, ko kayan sarauta, ko gadon kakanni, dole ya yi mamakin ganin saurayi mai hankali, mai neman digiri, ya ƙarar da kwana arba'in da 'yan kuɗin abincinsa wajen haɗa makamin da ko kabewa ba zai iya tsagawa ba. Abin da za mu yi ƙoƙarin dubawa a nan shi ne ko irin wannan aiki ƙarya ce aka shafa wa fenti, ko kuwa akwai wata gaskiya a cikinsa. In kuma akwai, wane hakki ne ya rataya a wuyan mai yin sa.

Asalin Takobin

Takobin da ɗalibin ya kwaikwaya sunansa Buster Sword, kuma babu wata maƙera a duniya da za ta ce daga wutarta ya fara fitowa. An haife shi ne a cikin wani wasan bidiyo mai suna Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1997 don na'urar PlayStation. Mai zanen taurarin wasan, Tetsuya Nomura, shi ya zana jarumin labarin, wato Cloud Strife, wani siririn saurayi mai tsayayyen gashi, ya rataya masa wannan takobi a gadon baya. Kaifinsa ta gefe ɗaya ne, tamkar wuƙar mahauta da aka ninka girmanta sau goma, kuma yana da ramuka biyu kusa da ƙota inda ake cusa duwatsun sihiri na cikin wasan. A kan allon talabijin, in Cloud ya ci nasara, yakan wulwula shi da hannu ɗaya kamar yadda yaro ke wulwula karan dawa.

To, a haƙiƙa wannan takobi lissafi ne kurum, alƙaluma ne da aka adana a kan faifai, na'ura ta karanta su ta mai da su ɗigo-ɗigon haske. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, in aka ɗauke wuta kuwa ya tafi ke nan sai an dawo da ita. Duk da haka, miliyoyin mutane a duniya sun san siffarsa fiye da yadda suka san siffar kowane takobi na gaske da ke ajiye a gidan tarihi. Daga cikinsu ne ake samun waɗanda kallo bai ishe su ba, sai sun riƙe abin a hannu. Suna da al'adar yin shigar taurarin wasanni da na finafinai, wadda Japanawa suka raɗa wa suna kosupure tun cikin shekarun 1980, har ma akwai wani babban taronta na duniya da aka fara yi a birnin Nagoya a shekarar 2003. Ɗalibinmu bai taɓa zuwa Nagoya ba, amma da waɗannan mutane yake tarayya.

Yadda Ake Haɗa Shi

Yana da kyau mai karatu ya san yadda aikin yake kafin mu yanke masa hukunci. Abu na farko shi ne awo, kuma a nan wahala take farawa, domin babu takobin da za a ɗora wa ma'auni. Sai mai aikin ya tsai da hoton wasan, ya kwatanta tsawon takobin da tsawon jarumin, sa'an nan ya mai da wannan kwatanci a kan nasa tsawon, ya zana a kan kwali. Daga nan sai ya nemi soson roba mai tauri, irin wanda ake yin tafin silifa da shi, wanda ake kira EVA, ya yanka shi falle-falle bisa zanen kwalin. A tsakiya yakan fere kwari ya kwantar da bututun roba na masu aikin famfo ko kuma sandar katako, wadda za ta zama ƙashin bayan takobin, ta kuma zarce waje ta zama ƙota. In aka yi sakaci da wannan ƙashin baya, takobin zai riƙa lanƙwasa kamar ganyen ayaba. Sai a shafa gam irin na masu gyaran takalmi a fuskoki biyu, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sa'an nan a haɗa. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga aikinsa ya buɗe baki bayan kwana biyu.

Fere bakin takobin shi ne inda ake gane gwani. Reza takan dakushe da wuri a jikin soson, kuma reza mai dakushi yagewa take yi maimakon yanka, don haka sai ana wasawa ana sauyawa. Bayan nan a bi da samfefa, a gasa fuskar soson da iska mai zafi don ƙofofinsa su toshe, a shafa masa shafin farko sau biyu ko uku don kada ya shanye fenti, sa'an nan a fesa launin ƙarfe.

Akwai wani abu game da nauyi da ya kamata mu tsaya a kansa, domin a nan ne muka fara zargin cewa tambayar dattijo ta fi yadda muka ɗauke ta zurfi. Idan muka ƙaddara cewa tsawon ruwan takobin santimita 150 ne, faɗinsa 30, kaurinsa 2.5, lissafi zai nuna cewa in da baƙin ƙarfe aka yi shi, nauyinsa kafin a fere baki zai kai wajen kilo 88, wato ya kusa buhun siminti biyu. In da alminiyum ne zai kai wajen kilo 30. Takubban da mayaƙa suka yi yaƙi da su a tarihi kuwa, akasarinsu tsakanin kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, manyan da ake riƙewa da hannu biyu ma da wuya su wuce uku da ɗoriya. A shekarar 2013 wani maƙeri a Amurka, Tony Swatton, ya ƙera wannan takobi da ƙarfe a wani shirin bidiyo mai suna Man at Arms, abin ya fito da kyau da kaifi, amma da ƙyar ƙato guda ke ɗaga shi, balle a yi zancen wulwulawa. Na soso kuwa, duk da bututu da gam da fenti, bai fi kilo biyu ba. Ashe ke nan wanda aka yi da ƙarfe na gaske ya sami kaifi ya rasa motsin da aka san takobin da shi, wanda aka yi da soso ya rasa kaifi ya sami motsin. In aka tambaye mu wanne ne a cikinsu ya fi kusa da takobin Cloud, za mu ce na soso, ba tare da wata tantama ba.

Ƙorafin Aflatun

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, Aflatun, ya shigar da ƙara a kan dukkan masu kwaikwayo a kashi na goma na littafinsa na Jamhuriya. Ya buga misali da gado. A ganinsa gadaje uku ne: akwai ainihin siffar gado wadda ba ta sauyawa, wadda hankali kaɗai ke riska, akwai gadon da kafinta ya sassaƙa yana koyi da waccan siffa, sa'an nan akwai hoton gado da mai zane ya zana yana koyi da aikin kafinta. Mai zane shi ne na ƙarshe a daraja, domin ya yi nesa da gaskiya, bai san yadda ake haɗa gado ba, kuma ba a kwanciya a kan abin da ya yi. Saboda irin wannan dalili ne Aflatun ya ƙi ba wa mawaƙa masu kwaikwayo mazauni a birnin da yake mafarkin kafawa.

In muka bi wannan ma'auni, ɗalibinmu ko ƙofar birnin ba zai kusanta ba. Maƙeri ya yi takobi, mai zane ya kwaikwayi takobin maƙeri ya ƙara masa gishiri, na'ura ta mai da zanen haske, shi kuma ya zo ya kwaikwayi hasken da soson silifa. Inuwar inuwa ke nan, har an rasa inda jikin yake. Masu iya magana ma sun ce kama da wane ba ta wane, kuma da Aflatun ya ji wannan karin magana da ya rungume shi hannu biyu.

Sai dai kuma akwai inda misalin gadon ya kasa kama wannan aiki. Mai zanen Aflatun ɗauko abu mai jiki yake yi ya rage shi ya zama hoto. Ɗalibinmu kuwa hoto ya tarar, ya ƙara masa abin da ba shi da shi. Wasan bai gaya masa yadda ƙota za ta riƙe ruwan takobi ba tare da ta karye ba, bai gaya masa inda nauyi zai zauna don hannu ya iya sarrafa shi ba, domin a cikin wasa babu abin da ke karyewa sai wanda aka rubuta ya karye. Duk waɗannan sai da ya warware su da kansa, soso da gam suna yi masa gardama, ya yanke yatsa sau biyu, ya zubar da falle uku da suka lalace. Irin sanin da Aflatun ya ce kafinta na da shi mai zane ba shi da shi, wato sanin halin kayan aiki, shi ne ainihin abin da ɗalibin ya fita da shi daga kwana arba'in ɗin nan. A wannan lissafi kujerar kafinta ta fi dacewa da shi.

Almajirin Aflatun, wato Aristo, bai bi malaminsa a wannan mas'ala ba. Shi a wurinsa kwaikwayo ɗabi'a ce da ɗan Adam ke tashi da ita tun yarinta, kuma ta hanyarta yake fara koyo. Ba ma bukatar zuwa Girka don mu gaskata haka. Da yawa daga cikinmu sun ɓare karan dawa sun haɗa mota da tabarau da bindiga, sun yanki gwangwani sun yi tayoyi, kuma babu wanda ya taɓa ce mana mun yi ƙarya don motar ba ta shan mai. Bambancin da ke akwai shi ne mu motar da muka gani a titi muka kwaikwaya, shi kuwa abin da ya gani a labari. Ko wannan ma ba sabon abu ba ne ga takobi. A fadar Daura akwai takobin da ake dangantawa da Bayajida da kisan macijin rijiyar Kusugu, kuma duk wanda ya je ganinsa labarin ne ya kai shi, ba wanda ke tambayar ko har yanzu yana yanka.

Kwaikwayo da Jabu

Akwai wani mataki na aikin da muka tsallake da gangan, don shi ne ya fi damun mu. Bayan takobin ya fito fes, sabo ƙal, sai mai shi ya ɗauki reza ya riƙa yi masa giɓi a baki, ya karce fuskarsa, ya dama baƙin fenti da ruwa ya shafa ya goge don ya maƙale a lunguna kamar tsohuwar dauɗa, ya ɗan goga launin azurfa a gefuna don a ga kamar ƙarfe ya cinye da gogayya, har da ɗan ja-ja na tsatsa kusa da ƙota. A taƙaice, yana zana wa takobin tarihin da bai taɓa yi ba. Kowane giɓi cewa yake yi an yi wani gumurzu, alhali babu inda takobin ya taɓa zuwa sai baranda. In akwai ƙarya a wannan sana'a, to, a nan take zaune.

Amma mu duba da kyau. Mai haɗa tsohon tulu na jabu don ya sayar wa baƙo shi ma haka yake yi: ya shafa ƙasa, ya fasa baki, ya ce daga kufai aka tono shi. Hannun biyu aiki ɗaya suke yi. Abin da ya raba su shi ne mai jabu nasararsa ta dogara ga kada a gane, da zarar an gane kasuwarsa ta watse. Mai takobin soso kuwa bukatarsa ita ce a gane. Babu abin da ke faranta masa rai kamar mutum ya zo ya taɓa, ya ce, "Kai, ashe soso ne!" A wannan lokaci ne ake biyan sa ladan aikinsa, domin in ba a gane soso ba ne, ba za a san gwanintar da aka yi ba. Yaron da ya manna gemun auduga ya rataya tsumma yana tashe a watan azumi ba ya son a ɗauke shi tsoho da gaske; so yake a ce ɗan gidan wane ne ya iya tsufa haka. Shi da masu kallonsa sun yi yarjejeniya ba tare da sun furta ba, kuma maganar da aka yi a ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya ba a kiran ta ƙarya.

Abin sha'awa shi ne labarin wasan kansa a kan wannan mas'ala aka gina shi. Cloud yana gabatar da kansa a matsayin tsohon babban mayaƙi na rundunar musamman ta kamfanin Shinra, kuma shi da kansa ya gaskata haka. Sai can cikin labari ake ganowa bai taɓa samun shiga rundunar ba, ƙaramin soja ne kawai. Mai takobin kafin shi abokinsa ne, Zack, wanda ya mutu wajen kare shi. Cloud, wanda gwaje-gwajen da aka yi a jikinsa suka rikita masa tunani, ya ɗauki takobin, ya haɗa da labarin Zack da matsayinsa, ya saka su kamar riga har ya manta akwai wani mutum a ƙarƙashinta. Bai sami lafiya ba sai da ƙawarsa ta yarinta, Tifa, ta taimaka masa ya tono ainihin abin da ya faru, ya tsaya gaban abokan tafiyarsa ya amsa ko shi wane ne. Bayan haka bai yar da takobin ba, kuma bai fasa yaƙin ba. A wani wasa da ya biyo baya a shekarar 2007, mai suna Crisis Core, an ƙara nuna cewa Zack ma gadon takobin ya yi daga malaminsa, Angeal, wanda ba ya son amfani da shi don kada ya lalace, saboda a wurinsa alamar mutuncin gidansu ce. Ashe tun a cikin labarin takobi ne na aro, wanda darajarsa ta fi ƙarfi a wajen abin da yake tunatarwa.

Wannan ya nuna mana inda haɗarin kwaikwayo yake ga mai yin sa. Aron siffar wani ba laifi ba ne, kowane almajiri da muryar malaminsa yake fara karatu. Ciwon yana farawa ne ranar da mai aro ya manta aro ya yi. A wannan fuska muna ganin wanda ya haɗa takobi da hannunsa ya fi kowa tsira, domin ya san inda bututun famfo yake, ya san gefen da gam ya yi masa gardama ya rufe da fenti. Da wuya mutum ya ruɗu da abin da shi ya manna.

Idon Baƙo

Da a nan maganar ta tsaya da mun wanke ɗalibinmu tas mun tashi. To amma yarjejeniyar da muka ambata tana da iyaka. Masanin tarihin nan na ƙasar Holan, Johan Huizinga, a littafinsa Homo Ludens na shekarar 1938, ya lura cewa kowane wasa yana da filinsa da lokacinsa, kuma dokokinsa a cikin wannan da'ira kaɗai suke aiki. Ɗan tashe a watan azumi abin dariya ne. In ya buga ƙofar mutum da tsakar dare a wani watan da fuska a rufe, wani suna za a kira shi. Takobin soso abin wasa ne a tsakanin waɗanda suka san Cloud. Mutumin da ya hango shi daga nesa a bakin titi da magariba bai shiga wata yarjejeniya da kowa ba, kuma ba shi da halin zuwa ya latsa.

Wannan ba zato ba ne kawai. A watan Satumba na shekarar 2014, a garin Saratoga Springs na jihar Utah a Amurka, 'yan sanda sun harbe wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 22 da ke tafe da takobi mai siffar na samurai, bayan wani ya kira su. Su sun ce ya kai musu sara. Danginsa sun ce takobin na ado ne, kuma shigar kwaikwayo ya yi. Binciken gawa ya nuna an same shi da harsasai ta baya, ba a kuma gurfanar da 'yan sandan ba. A watan Mayu na shekarar 2017, a wani babban taron masu irin wannan sha'awa a birnin Phoenix, an kama wani mutum da ya saje da jama'a ɗauke da bindigogi na gaske, nan take masu taron suka haramta shiga da kowane irin makamin kwaikwayo, ɗaruruwan masu soso da kwali suka biya bashin da ba su ci ba. Haka kuma a watan Yuni na shekarar 2024, wata kotu a Ingila ta ɗaure wani mutum ɗan shekara 48 wata huɗu saboda an gan shi a titin garin Nuneaton riƙe da ƙaramin kwaikwayon Master Sword, takobin wasan The Legend of Zelda na kamfanin Nintendo. Ya ce abin wasan hannu ne, amma ruwansa na ƙarfe ne mai tsawon inci shida, kuma dokar ƙasar ta hana yawo da irin wannan a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Ba ma so a fahimce mu da cewa duk wanda tsoro ya kama yana da gaskiya. Abin da ya faru a Utah ya isa ya tuna mana cewa ido ba alƙali ne mai adalci ba, yakan zo da hukuncinsa tun daga gida, kuma abu guda a hannun mutum biyu yakan zama abin wasa ga ɗaya, ya zama dalilin mutuwa ga ɗayan. Wanda ya ɗana kunama yana da nasa hisabin, kuma ya fi na mai takobi nauyi nesa ba kusa ba. Amma wannan bai sauke wa mai takobi nasa ba. Ya ƙarar da basirarsa ne wajen sa soso ya yi magana da harshen ƙarfe, don haka ba zai juyo ya ce laifin mai saurare ne da ya ji abin da aka faɗa. Niyyarsa tana cikin zuciyarsa, siffar kuwa tana waje, kuma siffar ce ke isa ga mutane. Tsoron da mace mai goyo ta ji a lungu na gaske ne ko da takobin na soso ne, bugun da zuciyarta ta yi ba za a mayar mata da shi ba in an zo ana dariya daga baya.

A nan ne sana'ar take cin karo da kanta. Duk yadda gwaninta ta ƙaru, haka yiwuwar ruɗin ke ƙaruwa. Giɓin nan da tsatsar nan da muka wanke daga zargin ƙarya su ne ke kammala ruɗar baƙo. Shi ya sa masu shirya irin waɗannan tarurruka suka saba duba kowane makami a bakin ƙofa, su hana mai kaifi shiga, su ɗaura wa wanda aka amince da shi wata alama, ko su ɗaure shi a cikin kubensa. Wasu masu sana'ar suna ƙunƙuni cewa alamar tana ɓata kyan aiki. Gaskiya ne tana ɓatawa, mun kuwa fi son a ɓata. Mutanenmu da suka san takobi na gaske ma ba su yawo da shi tsirara, domin sun san zare shi daga kube magana ce, ko ba a sari kowa ba.

Wani abin lura kuma shi ne, a cikin takubban da muka ambata, na ɗalibinmu ya fi sauran faɗin gaskiya, kuma girmansa ne ya jawo haka. Duk mai hankalin da ya ga siririn yaro ya saɓa abin da ya kamata ya kai nauyin buhun siminti biyu yana tafe yana fito, zai gane akwai magana. Wuce gona da irin da Nomura ya yi a zane ya zama shaida a jikin abin. Ɗan ƙaramin na Nuneaton, mai inci shida, wanda ya fi kama da abin wasa, shi ne wanda zai iya huda ciki. Amma wannan shaida da rana take aiki, kuma ga wanda ya natsu ya duba. Da dare, ko a garin da aka kwana biyu ana zaman ɗar-ɗar, babu mai tsayawa lissafin kilo.

Ranar da ɗalibin zai kai takobin wajen bikin makon ɗalibai, mun gan shi ya naɗe shi da zanen gado ya ɗaure da igiya a wuri uku, ya ɗauko shi a ka kamar mai tallar katifa. Da ya iso bakin ƙofa dattijon nan ya tsai da shi, ya ce a kwance masa. Ya karɓa da hannu biyu yana shirin jin nauyi, sai hannuwansa suka yi sama, ya yi dariya har da tari. Ya juya shi, ya duba giɓin ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wanda ya koya masa, ɗalibin ya ce babu. Tsohon ya taya shi mai da zanen, ya ja igiyar ya ƙara tamkewa, sa'an nan ya ce, "Yaro, in dare ya yi muku, ta nan za ka biyo, ka ji ko? Abokin aikina na ƙofar baya bai taɓa latsa shi ba."